Inbatar Munkaila da Allurar Inna

Munkaila na Kore Mairuwa ba don gayu ya sa sola a gidansa ba. Mahaifiyarsa, Inna Zulaiha, tana da ciwon suga, allurarta kuma sai a cikin sanyi take zama. Daga Dogon Dutsi yake sayo ta, ya ajiye a ɗan firigo.

Ranar da Luƙman mai haɗa wuta ya kafa inbata, wato akwatin da ke juya wutar batir ta zama ta gida, ya ja masa kunne.

"In firigo ya tashi, tana jure nauyin na ɗan lokaci. Amma in ka ji tana ta kuka, rage mata kaya. In ta yanke wuta, kanta taka ceto."

Sai azumi ya zo cikin tsananin zafi, kowa na neman ƙanƙara. Wani maƙwabci ya turo babban firigonsa a amalanke, Munkaila kuwa bai iya cewa a'a ba. Ya jona. Inbata ta yi ƙara, ta ɗan daure, sannan ta yanke. Ya sake kunna ta, ta ci gaba da ƙara.

"Maigida, abin nan na kuka hwa," in ji matarsa Rumaisa'u.

"Ba ki ga ta ɗauka da hwari ba? Raki ne kawai."

Da fis ɗin da ke kare ta ya ƙone, bai kira Luƙman ba. Ya murɗa wayar tagulla ya cusa a gurbinsa, har yana yaba wa kansa dabara.

Ran kasuwa da azahar, yana can wajen awo, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin. Rumaisa'u ta ja Inna waje tana salati. Inbata ta narke, wuta ta lashe ɗan firigon da allurar da ke ciki.

Munkaila ya zaga garin bai samu irin allurar ba. Ya hau kabu-kabu zuwa Dogon Dutsi. A farmasi, wato kantin magani, aka ce ta ƙare, sai an kawo daga Doso. Kafin ta iso, sugan Inna ya hau, ta daina gane mutane. Da aka kwantar da ita a asibiti, ta dubi Munkaila ta tambayi Rumaisa'u wane ne wannan.

Jama'a, juriyar ɗan lokaci ba ita ce ƙarfin na'ura ba. In inbata ta yi kuka ko ta yanke, a rage mata kaya, a kira mai gyara, kada a maye gurbin fis da waya.