Rijiyar Kada

Bakin digar Aisami ne ya fara cin karo da haƙoran, a gefen wani tudu gabas da ƙauyensu, kan hanyar Kelle. Dutse ya je sara don gina bakin sabuwar rijiya. Da ya share yashin sai ga kai mai dogon baki, haƙora a jere, duk sun zama dutse. Aisami ya yi ci-rani a bakin Tafkin Cadi yana saurayi, ba sai an nuna masa kada ba.

Ƙauyen kuwa yana cikin wani hali. Tsohuwar rijiya ta ƙafe, mata na wuni a hanyar ɗebo ruwa da jakuna, kuma dattawa sun yanke cewa in bazara ta kama babu sabuwa, kowa ya ɗaure kayansa a koma Gure. Aisami ba ya ƙaunar jin wannan magana. Mahaifinsa ne ya haƙa tsohuwar rijiyar, kabarinsa ma yana nan bayan gari.

Sun riga sun yi nisa da haƙa a kwari, har yashin ya fara sanyi a hannu, amma ruwa shiru. Aisami ya ɗauko kan kada ya dire a gaban dattawa, ya tambaye su ko akwai wanda ya taɓa jin kada ya zauna inda babu ruwa. Babu wanda ya taɓa ji. Washegari aka bar ramin kwari, aka kwashi igiya da guga aka hau tudu.

Ranar da aka tono sauran jikin, matarsa Habsu ta kawo fura. Ta tsaya ta duba, ta ce ita dai ƙafafun nan sun fi mata kama da na kare, dogaye, a miƙe ƙarƙashin ciki. Aisami ya ce ai abin murnar ke nan: ruwan wurin zurfi gare shi, dole kadan wurin ya yi dogayen ƙafafu. Wani makiyayi ya lura hancin a gaba yake, idanun kuma a gefe, ba a saman kai ba. Aisami ya ce kadojin wancan zamanin ba su tsoron kowa, balle su riƙa leƙe. Mutum ne da ba ya rasa amsa, ko Habsu ba ta taɓa ƙure shi ba.

Aka yi ta haƙa. Gaba bayan gaba jan dutse ne busasshe, diga na tartsatsin wuta. Iska ta cike ramin kwari da yashi. Wasu gidajen suka ɗora kaya a amalanke suka kama hanya. Tsoro ya shiga Aisami sosai, sai dai bai nuna ba. Kullum kafin ya sauka rami yakan tsaya ya kalli haƙoran nan, zuciyarsa ta dawo.

Don ya rufe bakin masu gunaguni, ya aika a kira Sa'adiyya, 'yar ƙanwarsa, wadda ta karanci ilimin duwatsu a Yamai take koyarwa a makarantar sakandare a Gure. Ya tara dattawa a tudun don su ji da kunnuwansu.

Sa'adiyya ta durƙusa ta gaida manya, sannan ta juya ga ƙasusuwan. Ta daɗe a kan ƙafafun, tana ta murna. Ta ce dangin kada ne babu shakka, ya yi shekaru miliyoyi a kwance a nan, kuma masana za su taso daga nesa don su gan shi. Aisami ya dubi dattawa ɗaya bayan ɗaya, ya gyara zaman hularsa.

"Faɗa musu, 'yata," in ji shi. "Saura gaba nawa mu tarar da ruwansa?"

Sai a lokacin ta lura da ramin, da igiyar, da busasshen gugan. Ta sunkuyar da kai.

"Kawu, ai wannan kadan tudu ne, a ƙasa yake yawonsa kamar kura. In ma ya zo nan, wataƙila shi ma ruwan yake nema."