Jirgin da Ba Ya Tsayawa a Kafanchan

A Kafanchan in an ce jirgi, na ƙasa ake nufi. Shi kaɗai na sani a shekarar da Mama ta kwashe kayanta ta koma Legas.

Wata Lahadi bayan sujada na tambayi Baba ko Legas da nisa. Yana goge takalmi, bai ɗago ba, ya ce, "Awa ɗaya ne a jirgi."

Na ja hannunsa har tasha, bai yi gardama ba. Muka zauna a benci, warin baƙin mai yana tashi daga layin dogo. Kowa ya wuce sai in gaya masa za mu ɗauko Mama, mu dawo kafin tuwon dare.

Can wani ɗan farin abu ya ratsa sama. Baba ya nuna shi da haɓa.

"Wancan nake nufi."

"To Baba, a ina yake tsayawa?"

"Ba ya tsayawa a nan."

Yanzu aiki kan kai ni Legas daga Abuja. Awa ɗayar ce kuwa, Baba bai yi ƙarya ba. Har yau in na sauka sai na duba fuskokin masu jira, ba ta ciki.