Haɗin Kai a Kebbe

"Wanda shanunai sunka cinye min gero ba shi wakiltata," in ji Namadi, jagoran manoma.

"Kai da ka nome burtali, kai za mu zaɓa?" Arɗo Siddiƙ, jagoran makiyaya, ya mayar masa.

Rauda, sakatariyar Jam'iyyar Gumin Talaka a Kebbe, ta dubi ɓangarorin biyu, kowanne a tabarmarsa. Shugabanni a Tambuwal sun riga sun gargaɗe ta cewa idan aka tashi yau babu ɗan takarar kansila, za a rufe reshen.

Ta miƙe. "Baba Namadi, Baffa Arɗo, jam'iyyarmu ta marasa ƙarfi ce. Ga Mu'awiya can. Da damina yana yi wa Baba ƙodago, da rani yana kiwon shanun Baffa. Ba shi da gona, ba shi da saniya. Shi ya dace mu tsayar."

Namadi ya tsallaka ya zauna kusa da Arɗo, suka yi ƙus-ƙus har da murmushi. Rauda ta yi hamdala a zuci, domin ta daɗe tana roƙon Allah Ya nuna mata wannan rana.

Dattawan suka miƙe, hannu cikin hannu.

"Mun daidaita," in ji Arɗo. "Wagga yarinya so take baranmu shi hau kanmu. A kore ta."

Hannuwa suka tashi daga tabarmin biyu. Wannan ne hukunci na farko da reshen ya taɓa yankewa ba tare da gardama ba.