Ɗinkin Takalmi a Babi na Tara

Ɗana ya rubuta littafi, jikata ta kawo mini shi. A jami'a aka ba ta aikin nazarinsa. Ni da ubanta shekara ashirin ba ma magana.

Ta ce, "Tsoho, labarin wani fitinannen saurayi ne da ubansa direba ya kora. Ka gane direban?"

"Karanta dai, sarkin surutu."

Ta karanta inda saurayin ya tashi tafiya, ya tarar an ɗinke masa yagaggen takalminsa. A nazarinta ta ce ɗinkin nan ƙaunar uwa ce, a gidan da uba ba shi da tausayi.

Na tambaye ta yadda ya kwatanta ɗinkin.

"Zare biyu ne, an mayar da ƙullin waje don kada ya ci ƙafa."

Ashe ya lura.

Na ce, "Kakarki ba ta taɓa riƙe basilla ba. Kafin in fara tuƙi, shekara uku na yi a rumfar mai gyaran takalma."

Ta zaro waya. "Bari in kira Baba, ka faɗa masa da bakinka."

"Ajiye wayar nan. Ba zan faɗa ba."