Ranar da Na Yi wa Kakana Tafinta

Ɗakin asibitin warin magani yake yi, amma hannun Alhaji ƙamshin ɓawon lemo. Kakana ne, ya biyo Babana Guangzhou neman lafiyar huhunsa. Ni kaɗai nake jin Sinanci a gidanmu, don a nan nake firamare, sai aka tsayar da ni gaban likita.

Likitan ya ce numfashin yana ƙarewa. In an yarda, za a zura masa bututu a maƙogwaro inji ya riƙe shi, amma ba zai ƙara magana ba.

Baba ya ce, "Ce masa a sa."

Alhaji ya damƙe wuyan hannuna. Kullum da tsokana yake kirana amaryarsa, ranar kuwa babu wasa a muryarsa. "Amarya, in suka toshe mini baki, da me zan yi shahada? Faɗa masa nawa, ba na ubanki ba."

"Alhaji, don Allah," in ji Baba, "kada mu yi sakaci da rai."

"Rai na Allah ne. Bakin dai nawa ne."

Likita yana kallona, Baba yana kallona. Na ce, "Bu yao." Wato ba a so.

Duk ɗan kasuwar Shahe, inda Baba yake saro kaya, ya san kalmar nan, da ita shi ma yake ƙin kayan da ba su yi masa ba. Baba ya juya ya fuskanci bango.

Har yau bai ce na kyauta ba, bai ce na yi laifi ba. Ya dai gaya wa ƙannena, in tasa ranar ta zo, ni za a kira.