Jarida Ta Kashe Mini Ɗa

Ana raba gumbar sadakar uku a ƙofar gidana a Wurma, sai ga mamacin ya sauko daga motar Kurfi da jaka a kafaɗa. Mutane suka watse da salati. Ni kuwa na tsaya ina kallonsa, ɗana ne.

"Baba, wa ya rasu?"

"Kai," na ce.

Ɗana sojan laima ne, cikin masu dirowa daga jirgin sama. Ran kasuwar Dutsin-Ma wani malamin makaranta ya karanta mini jarida: wai laimarsa ta ƙi buɗewa, marubucin ya gani da idonsa. Ga sunansa, ga garinmu. Uwarsa ta daina cin abinci, matarsa ta shiga takaba.

Na miƙa masa jaridar. Ya karanta, bai yi dariya ba.

"Baba, kafin kowa ya diro, buhun yashi ake jefowa da tsohuwar laima, a ga inda iska ta nufa. Ita ce ta ƙi buɗewa. Mutumin nan yana nesa cikin mota, yana gudun rana. Ya kwafi sunan farko a jerinmu, ya tafi. Bai tambayi kowa ba."

Ashe makokin buhun yashi muka yi! Don wani ya ƙi saukowa daga mota ya taka ƙasa!

Ran Litinin zai koma bakin aikinsa. In sunansa ya sake fitowa a jarida, ban sani ba ko tabarmar makoki zan shimfiɗa, ko bakin hanya zan je in jira mota.