Jan Fenti a Ƙarƙashin Farar Ƙasa

Saura tsohon ya sa hannu a takardar ciniki, ruwan sama ya kece a garin Mwanza. Shi da dillaliya da mai gidan suka fake a baranda, makullin gidan na hannunsa.

Masunci ne, jirginsa ya sayar saboda gidan nan. "'Yata, kin ga ko ɗigo babu? Yau tsohuwata ta huta da jera kwanoni a tsakar ɗaki!"

Mai gidan ya yi dariya. Ita dillaliyar katanga take kallo. Farar ƙasar da aka shafa ta jiƙe, wata jar alamar X tana fitowa daga ƙarƙashi.

Kafin ta koma dillancin gidaje, ta daɗe a ofishin filaye na ƙaramar hukuma, tana shafa wannan alama a duk ginin da za a rushe don titi. Bahaguwa ce, tata kullum a karkace take fita. Wannan ma a karkace take.

"Dillaliya, kau da kai," mai gidan ya raɗa mata. "La'adarki na nan."

Ta buɗe tafin tsohon, ta zare makullin.

"Baba, wa ka sayar wa jirgin? Taso mu je mu roƙe shi ya mayar maka."